Shafin Karatu: Yadda Sodiyam da Kulorin Suka Zama Gishiri

Ɗalibanmu na sakandare da dama sun ce darasin elektron ne ya fi ba su wuya a kemistiri, ga kuma ƙarancin littattafai a sansani. A wannan fitowa za mu bi shi a hankali, da abin da kowa ke iya samu: ƙasa, tsinke da tsakuwa. Iyaye, ko ba ku yi boko ba, ku zauna tare da yaran, domin yawancin aikin ƙirga ne.

Duk abin da muke gani an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, wato atam. Kowace ƙwaya tana da cibiya, elektron kuma suna kewaye da ita hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Wani masani ɗan Denmak, Niels Bohr, shi ya kawo wannan siffa a 1913. Ɓawo na farko, na kusa da cibiya, yana ɗaukar elektron 2 kacal, na biyu 8. A sinadarai 20 na farko, na uku ma 8 yake ɗauka. Sai na ciki ya cika ake fara na gaba.

Ku zana da'ira uku a ƙasa, ɗaya cikin ɗaya. Sodiyam yana da elektron 11, sai a ɗauki tsakuwa 11: biyu a ciki, takwas a tsakiya, saura ɗaya a waje. Kulorin yana da 17, wato 2, 8, 7.

To, a lura da na wajen nan. Su ake kira elektron na balens a jarrabawa, kuma su ne ke nuna halin sinadari. Atam ya fi samun natsuwa idan ɓawonsa na waje ya cika. Sodiyam yana da guda ɗaya da ya yi masa yawa, kulorin kuma guda ɗaya ya rage masa ya cika takwas. Ku ɗauke tsakuwar nan ɗaya daga zanen sodiyam ku sa ta a na kulorin. Dukansu sun cika, sun kuma manne wa juna. Gishirin da muke sawa a miya ke nan.

Abin mamaki, sodiyam shi kaɗai ƙarfe ne mai laushi, wuƙa tana yanka shi, in ya taɓa ruwa har wuta yana iya kamawa. Kulorin kuwa iska ce mai guba. Elektron ɗaya tak ya sauya halinsu. Niyon, mai 2 da 8, a cike yake tun asali, shi ya sa ba ya haɗuwa da kowa.

Wannan ƙwacen elektron da kulorin ke yi shi ne amfaninsa a ruwan shanmu. Yana lalata ƙwayoyin cuta, har da na kwalara. Don haka ɗan warinsa a ruwan famfo ba abin tsoro ba ne. Amma ƙarfin nan nasa ne ya sa dole a bi awon da ma'aikatan ruwa suka faɗa. Kada a ƙara, kada a gauraya shi da wani maganin wanki, a kuma ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Aikin gida: magniziyam yana da elektron 12, oksijin yana da 8. Ku jera su da tsakuwa. Wa zai bayar, wa zai karɓa, kuma guda nawa? Ku kai wa malaminku amsar.