Karatun Noma da Muhalli: Shawara ga 'Ya'yanmu

'Yan'uwa, a shekarar 2010 ambaliyar Kogin Rima ta cinye gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno. A 2018 kuwa ruwan madatsar Goronyo ya ja baya ƙwarai, har hankalin manoman rani ya tashi. Ruwan da yake ba mu shinkafa da albasa da tafarnuwa yana bukatar masana, kuma ya kamata su fito daga cikin 'ya'yanmu.

Ɗalibin da ke da wannan niyya ya dage a kan Turanci, lissafi, kimiyyar haɗa sinadarai da ilimin halittu, ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO. Daga nan akwai Kwalejin Aikin Gona a Wurno, akwai kuma Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Zai iya zama malamin gona, ko masanin ƙasa da taki, ko jami'in gandun daji mai yaƙi da kwararowar hamada.

Iyaye, daga Rabah har Goronyo, kada mu ɗauki wannan karatu na wanda ya rasa gurbin likitanci ne. Lokacin hutu mu bar yaro ya shiga fadama, ya yi tambaya, ya rubuta abin da ya gani. Noma tushen arziki.