Kada a gaggauta wa sagara saka ƙwai

Tambayar da masu kiwon kaji a gida suka fi kawo mana, mu ma'aikatan lafiyar dabbobi, ita ce ta kajin da suka kai wata biyar ba su fara ƙwai ba. Yawanci kafin a zo wurinmu an riga an sauya musu abinci zuwa na masu ƙwai, an kuma zuba musu wani gari a ruwa da sunan maganin ƙwai. Abin da nake so a gane shi ne, sagara tana fara ƙwai ne idan jikinta ya cika, kuma kusan duk abin da ake yi don a gaggauta ta yana rage ƙwan da za ta yi daga baya.

A fara da iri. Kajin gidan gona masu jan gashi irin su ISA Brown da Lohmann Brown sukan fara tsakanin mako 18 zuwa 20, idan nauyinsu ya kai wajen kilo ɗaya da rabi. Kazar Hausa da ke kiwo a tsakar gida takan kai wata shida ko bakwai. Noiler tana tsakaninsu. Saboda haka wanda ke gwada kajinsa da na maƙwabci ya fara tambayar irinsu da abin da suka ci tun suna 'yan tsaki. Kazar da ta tashi a kan dusa da ragowar tuwo za ta yi jinkiri ko da irinta mai kyau ne, haka ma wadda tsutsar ciki ko ƙwarƙwata suka tsotse. Zafin Maris zuwa Mayu a Kano ko Sakkwato, inda ake kaiwa digiri 40, yana hana kaza cin abinci, nauyi ya tsaya, ƙwai ya yi nisa.

Batun abincin masu ƙwai ne ya fi damuna. Sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yakan kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, na masu tasowa kuwa bai wuce kashi ɗaya ba. An yi haka ne domin ɓawon kowane ƙwai yana ɗaukar wajen giram 2 na kalsiyam. Sagara 'yar mako 12 ba ta da ɓawon da za ta yi, don haka duk wannan nauyi a kan ƙodarta yake sauka, kuma lahanin ƙoda ba ya warkewa. Garin da ake sayarwa da sunan maganin ƙwai kuma, da dama daga cikinsa bitamin ne haɗe da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Babu ɗaya a cikinsu da ke balagar da kaza, ragowar maganin kuma tana fitowa a cikin ƙwan da yara za su ci. Wani zai ce ai ya ba su, bayan mako biyu suka fara. Da ma a wata na biyar ko na shida ake sayen garin nan, lokacin da kazar ke gab da farawa da kanta.

Masu cewa manyan gonaki na kunna fitila don kaji su yi ƙwai suna da gaskiya. Tsawon haske shi ke tayar da ƙwan mace, kuma awa 14 zuwa 16 ake so, alhali yininmu ba ya yin nisa da awa 12. Amma gonakin nan sai sun ɗora kaji a sikeli kafin su ƙara haske. Idan aka ƙara wa ƙaramar kaza haske, za ta iya farawa da wuri, sai dai ƙwan zai daɗe yana ƙanana, wata kuma bayanta ya fito, sauran su yi ta saran wurin har ta mutu.

Na san kuɗin abinci na ciwo, kuma ciyar da kaza wata biyar ba a ga ƙwai ko ɗaya ba abu ne mai nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi. Duk da haka mako uku na ƙarin jira bai kai asarar kazar da ya kamata ta yi shekara tana sakawa ba. A wannan lokaci a tabbata an yi musu rigakafin Lasota, musamman gabanin hunturu, a ba su maganin tsutsa, ruwa ya kasance a inuwa kullum. Zakara ba dole ba ne, sai in ana son ƙyanƙyasa.

Kazar da ta kusa tana nunawa. Zankonta zai yi ja ya cika, ta riƙa leƙe-leƙen lungu, in an kai mata hannu ta durƙusa. A taɓa ƙasusuwa biyu da ke gefen duburarta: idan yatsu biyu ko uku suka shiga tsakaninsu, lokaci ya yi da za a fara gauraya abincin masu ƙwai a hankali cikin mako guda, a kuma shimfiɗa ciyawa a wani sashe mai duhu na akurki. Ƙwan farko kan zo ƙarami, wani ma ba ɓawo, kuma yakan daidaita cikin 'yan makonni.