Jimlar Albashi da Takardar Neman Aiki: Darasi ga Masu Shirin Shiga Aiki a Malesiya



'Yan'uwa ɗalibai, musamman na harabar UTM da ke yankinmu na Titiwangsa, sukan kawo mini tambayoyi biyu: yadda ake lissafin jimlar albashi, da yadda ake rubuta takardar neman aiki. A ganina darasi ɗaya ne, domin wanda bai san lissafin ladarsa ba, ba zai iya faɗin abin da yake nema ba. Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa ijara ba ta inganta sai an san aikin, an kuma san ladar. Saboda haka wannan lissafi kiyaye haƙƙi ne.

Jimlar albashi ita ce duk abin da ma'aikaci ya samu kafin a cire komai: albashin tushe, da alawus, da kuɗin ƙarin lokaci. Dokar Aiki ta 1955, bayan gyaran da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023, ta taƙaita aikin mako zuwa awa 45, ta kuma wajabta biyan ƙarin lokaci ga mai albashin da bai wuce ringit 4,000 ba.

Ga misali. A ce albashin tushe ringit 2,600 ne. Doka ta ce a raba shi gida 26, sai ladar yini ta zama 100. A raba ta da awa 8, kowace awa ta tashi a 12.50. Ƙarin lokaci a ranar aiki ninki ɗaya da rabi ne, wato 18.75. Wanda ya yi awa 10 ya sami 187.50. Idan ana ba shi kuɗin mota 200, wanda ba ya shiga lissafin ladar awa, jimlarsa ta zama 2,987.50.

Wannan ba shi ne abin da zai shiga asusunsa ba. Daga albashin Oktoba na 2025, baƙon ma'aikaci yana zuba kashi 2 cikin ɗari a asusun fansho na KWSP, wato 52 a misalinmu, tunda ba a cira daga ƙarin lokaci da kuɗin mota. Haraji kuma ya dogara ga tsawon zama: wanda dokar haraji ba ta ɗauke shi mazaunin ƙasa ba, kashi 30 ake cire masa, kuma babban ma'aunin zama shi ne kwana 182 a shekara. Duk wanda ya kama hayar gida da jimlar albashi a ransa, ƙarshen wata zai zo masa da ƙunci.

Idan an fahimci wannan, takardar neman aiki ta zo da sauƙi. Kada ta wuce shafi ɗaya. Sakin layi na farko ya ambaci gurbin da kake nema da inda ka ga sanarwarsa. Na biyu ya kawo aiki ɗaya ko biyu da ka yi da hannunka, tare da sakamakonsu, ba jerin yabon kai ba. Na uku ya faɗi matsayin bizarka ba ɓoye-ɓoye: bizar ɗalibi ba ta halatta cikakken aiki, kuma kamfani ne ke nema maka izinin aiki daga hukuma. In an tambayi albashin da kake so, rubuta jimla ta wata, ka bayyana cewa jimla ce. Kafin sa hannu, nemi a rarrabe maka tushe da alawus a rubuce, domin daga ladar tushe ake gina sauran lissafi.

Kada ka ƙara wa kanka shekarar ƙwarewa ko shaidar da ba ka da ita. Albashin da aka samu ta hanyar yaudara, shi ne abincin da za ka kai wa iyalinka.

Aikin gida: albashin tushe 3,120, ƙarin lokaci awa 6 a ranar aiki, kuɗin mota 150. Nawa ne jimlar?

Allah Ya sa albarka a nemanmu.