KĀRIYAR DAƁE A ƘARƘASHIN MURHUN ƘARFE

Darasi Domin Hakimai da Malamansu

A ƙasashen sanyi, kamar su Ingila da Amurka, mutane da yawa suna ɗumama gidajensu da murhun ƙarfe mai cin itace. Akwati ne na ƙarfe mai ƙofa da ƙafafu, da bututu wanda ke fid da hayaƙi ta saman rufi. Da yake daɓensu da yawa na katako ne, doka ba ta yarda a girka shi ba sai an shimfiɗa masa kāriya, a wurare da yawa kuma sai ma'aikacin duba gine-gine ya gani ya yarda.

Mutanen Ingila sun san illar sakaci da wuta. Cikin shekarar 1666 wuta ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi a London, ta cinye gidaje fiye da 13,000. Cikin 1667 aka kafa doka cewa a sake gina birnin da tubali ko dutse.

1. Haɗari Iri Biyu

Na fari shi ne garwashi da tartsatsi waɗanda ke zubowa sa'ad da aka buɗe ƙofar murhu. Kowane abu da ba ya cin wuta yana tsare wannan, muddin ba shi da tsaga: fallen ƙarfe, ko dutse, ko siminti.

Na biyu ya fi muni, gama ba a ganinsa. Shi ne zafin da ke sauka daga gindin murhu. Ƙarfe da dutse ba su ƙonewa, amma zafi yana ratsa su. Katakon da ke ƙarƙashi sai ya yi ta gasuwa shekara da shekaru, ya bushe, ya soma zama gawayi, har ran nan ya kama. Saboda haka abin da ya tsare garwashi ba lalle ne ya tsare zafi ba.

2. Ƙa'idar Ingila

Idan an gwada murhu an tabbata ba ya sa zafin ƙarƙashinsa ya wuce digiri 100, ya isa a shimfiɗa abin da ba ya cin wuta mai kaurin milimita 12. In ba haka ba, sai a zuba kankare ko a jera tubali mai kaurin milimita 125, watau wajen inci 5. Murhun da ke tsaye a fili, shimfiɗarsa kada ta kāsa milimita 840 a tsawo da fāɗi. Tilas ta zarce murhu da milimita 150 a gefe, da 225 a gaba. In kuwa ana hura shi ƙofa a buɗe, 300.

3. Ƙa'idar Amurka

A can littafin maƙerin murhu shi ne abin bi. Galibi yakan nemi inci 16 a gaban ƙofa, da inci 8 a gefe. Wani maƙeri kuma yakan faɗi ƙarfin tare zafi da ake bukata, da awon da suke kira R. Kowane inci na jan tubali yana da kimanin 0.2. Kadan maƙeri ya ce R ya kai 1, ashe sai tubali mai kaurin inci 5, ko kuwa allo na musamman mai tare zafi, a rufe shi da dutse.

Tsohon murhu wanda ba shi da shaidar gwaji, ƙa'idarsa ta fi tsanani: inci 18 ta kowane gefe. In ƙafafunsa ba su kai inci 2 ba, ba a ɗora shi bisa daɓen katako ko kaɗan.

4. Ranar Dubawa

Mai dubawa ba ya kallon kyau. Zai karanta shaidar da ke jikin murhu, ya auna fāɗi da kauri, ya tambayi abin da ke ƙarƙashi. Mai hankali yakan nemi ƙa'ida tun bai sayi kaya ba, domin wanda ya kāsa sai ya tayar da aikin duka. Banda wannan, in gobara ta auku, kamfanin inshora yana iya ƙin biya.

5. Abin Koyi

Daɓenmu na ƙasa ne ko siminti, amma da hunturu mutane sukan shiga ɗaki da kaskon garwashi, su ajiye shi kusa da tabarma, ko katifa, ko ledar ɗaki. Ya kamata Hakimai su umarci dagatai da masu unguwa su gargaɗi jama'a: a ɗora kasko bisa tubali ko yashi, a nisantar da shimfiɗa, a bar ƙofar iska domin hayaƙin gawayi yana kisa, a kashe wuta kafin barci. Malaman Hakimai kuma su riƙa rubuta sanadin kowace gobara cikin rahotonsu, don a san inda gargaɗi bai kai ba.