Ido Ne Ke Gani, Ko Ƙwaƙwalwa?

'Yan'uwana ɗalibai, kullum mukan ce ido ne ke gani. Ni kuwa ina so in nuna muku ido ɗan aike ne kawai, ƙwaƙwalwa ce mai karanta saƙon. Labarin wani saurayin likita shi zai bayyana mana haka.

Sunansa Torsten Wiesel, mutumin ƙasar Suwidin, an haife shi a 1924. Ya gama koyon aikin likita a 1954, sa'an nan ya tafi Amurka a 1955. Can a Jami'ar Johns Hopkins ya gamu da David Hubel cikin 1958, suka haɗa kai.

Ga yadda suka yi. Sukan sa wa kyanwa maganin barci, su cusa wata siririyar waya a bayan ƙwaƙwalwarta, su haɗa da lasifika. In ƙwayar jijiya ɗaya ta motsa sai su ji ƙara. Suka yi ta nuna mata ɗigo da majigi, shiru. Ran nan suna zura gilashi cikin majigin, sai inuwar bakin gilashin ta gitta, lasifika ya ɗauki ƙara. Ashe layi ƙwayar ke jira! Wata ƙwayar sai layi a tsaye, wata a kwance, wata a karkace. Da irin waɗannan guntaye ƙwaƙwalwa ke harhaɗa siffar abu.

Cikin 1963 suka ba da labarin wani gwaji. Suka rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya tun suna jarirai. Da aka buɗe bayan 'yan watanni, idon lafiya lau, amma ba ya gani, domin ɗaya idon ya ƙwace masa wurinsa a ƙwaƙwalwa. Babbar kyanwa kuwa, ko an rufe nata, ba abin da ke samunta. A 1981 aka ba su Kyautar Nobel.

To, ina ruwanmu? Yaro mai harara-garke ko yanar ido, in ba a yi masa magani tun yana ƙarami ba, idon zai iya mutuwa a tsaye. Saboda haka ina roƙonku, in mun fita daga Zuba koyon koyarwa, kowa ya gwada 'yan ajinsa. Yaro ya tsaya ƙafa 20 daga allo, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sa'an nan ɗayan. Wanda ya kasa, kada a ce masa daƙiƙi. A gaya wa iyayensa su kai shi asibiti maza, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.