Kada rm Ya Cinye Maka Firojet

'Yan uwa ɗalibai, lokacin firojet ya zo, sai a kula. A Linux, fayil ɗin da ka goge da umarnin rm ba ya shiga kwandon shara, ya tafi ke nan. Haka na rasa babi biyu a watan jiya, wallahi sai da na kasa cin abinci.

Ga abin da na koya. Rubuta rm -i, zai tambaye ka kafin ya goge. Kullum da yamma yi cp -r firojet ajiya, sannan ka kwafe ajiyar a filashi. In ka manta inda ka ajiye fayil, find ~ -name "babi*" zai zaƙulo maka shi. Maɓallin Tab kuma yana ƙarasa sunan fayil, ya raba ka da kuskuren rubutu.

Malamin da ke duba aikinka ba zai saurari uzuri ba.