Kafin Alƙalamin Magini: Na Wane Ne Idan Ba a Soma Aiki Ba?



Ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa yana kan kuɗin da ake ba magini tun bai taɓa ƙasa ba, wanda muke kira kafin alƙalami. Daminar 2024 ta zubar da gidaje masu yawa a jihar Maradi, birni da ƙauye, har sai da hukuma ta jinkirta komawa makarantu zuwa 28 ga watan Oktoba, saboda a wurare da dama waɗanda ruwa ya kora suna zaune cikin azuzuwa. Da kaka ta yi, mutane suka sayar da wake da gyaɗa da riɗi, kowa ya tashi neman magini a lokaci ɗaya, tun daga Gidan Rumji har Agye da nan Gazawa. Aiki ya fi ƙarfin magina, sai wasu suka riƙa karɓar kuɗin mutum uku ko huɗu alhali hannunsu biyu ne. Lokacin gini kuwa rani ne. Wanda ruwan farko ya tarar da shi babu rufi ya yi asarar shekara guda, iyalinsa suna raɓe a zauren maƙwabta.

Wani bawan Allah daga wani ƙauye na wajen Gangara ya same mu bayan sallar asuba. Ya ce ya ba magini jika 250 domin a yi masa ɗaki biyu na bulo, ga wata uku sun wuce ko harsashi ba a haƙa ba, da ya nemi kuɗinsa sai aka ce masa kafin alƙalami ba ya komowa. Muka tambaye shi: wannan kuɗi na mene ne? Ladan aiki ne, ko kuɗin siminti da rodi, ko kuwa na kama alkawari? Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, kuɗin gini ne." To, a nan ciwon yake. Shari'a ba ta san wani abu guda mai suna kuɗin gini ba. Abu uku ne mabambanta muke tarawa cikin kalma ɗaya, kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne kuɗin kama alkawari, wanda malaman fiƙihu suke kira arabun. Surarsa ita ce mutum ya ba da wani abu da sharaɗin in an yi aikin a lissafa shi cikin lada, in kuma shi mai bayarwa ya fasa to ya zama na wanda ya karɓa. Imamu Malik, Allah Ya jiƙansa, ya buɗe littafin ciniki na Muwaɗɗa da hadisin da ya hana wannan, ya kuma bayyana cewa hanin ya shafi ciniki da haya duka, domin cin dukiyar mutum ne ba a bakin komai ba. Malaman mazhabarmu suka ce in sharaɗin shi ne a mayar wa mutum da abinsa idan ba a yi ba, to babu laifi. Imamu Ahmad ɗan Hambali ya halatta arabun, ya kafa hujja da abin da Nafi'u ɗan Abdul Harisi ya yi a Makka, da ya saya wa Sayyidina Umar gida daga hannun Safwanu ɗan Umayya don a mayar da shi kurkuku, a kan in Umar bai yarda ba Safwanu yana da dirhami 400. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta ɗauki wannan ra'ayi a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, da sharaɗin a iyakance kwanakin jira. Mu a nan bisa Muwaɗɗa muke karantarwa, amma ba mu cewa wanda ya bi wancan ya fita hanya.

Sai dai a lura da kyau, domin a nan ne magina da yawa suke ruɗar kansu. Duk wannan saɓani na malamai yana kan wurin da mai ba da kuɗi ne ya fasa. In magini ne ya ƙi zuwa, babu wani malami a kowace mazhaba da ya ce ya riƙe ko dala ɗaya. Waɗanda muka zauna medarsa tare za su tuna cewa dokar Faransa ma, a sashe na 1590 na kundinta, cewa ta yi wanda ya karɓi irin wannan kuɗi in shi ya janye sai ya mayar da ninki biyu. Shari'a ba ta ɗora masa ninki ba, iyakar abin da ya karɓa take nema daga gare shi.

Na biyu shi ne kuɗin kaya. In ka ba magini kuɗi ka ce ya sayo maka siminti da kwano da katako, to a wannan ɓangare wakilinka ne, kuɗin kuma amana ce a hannunsa. Abin da ya saya naka ne ko da yana ajiye a gidansa, kana da ikon ka kawo amalanke ka kwashe. In kuɗin ya ɓace ba da sakacinsa ba, kamar ƴan fashi su tare shi a hanya, babu biya a kansa. In kuwa ya sa hannu a ciki, ya ƙarasa ginin wani da shi ko ya yi hidimar suna, to ya yi ta'addanci ga amana, kuɗin ya koma bashi a wuyansa tun daga wannan rana, ko da niyyarsa ya mayar ran kasuwa. Mun san yadda abin yake faruwa: kuɗin Audu ya rufe ɗakin Garba, ana jiran na wani ya zo ya rufe na Audu. Ranar da na ƙarshe bai zo ba, sai a ji magini ya tafi cin rani.

Na uku shi ne lada da aka gabatar, kuma shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Ɗaukar magini aiki ijara ce, wato jinga, kuma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya nuna a cikin Risala cewa tana halatta idan an ambaci lada da wa'adi. Gabatar da lada ba haramun ba ne, wani lokaci ma wajibi ne. Shaihu Halilu ya kawo a Muhtasar cewa ana gaggauta biya idan an sharɗanta haka, ko al'adar gari ta gudana a kai, ko kuma aikin ya kasance lamuni ne a wuyan ɗan kwangila, wato shi zai nemo masu yi ko su wane ne, kuma bai fara ba. Dalilin wannan na ƙarshe shi ne kada a wayi gari bashi yana fuskantar bashi, kai ana bin ka kuɗi shi ana bin sa aiki, babu wanda ya miƙa komai.

Amma in wani magini ayyananne ka ɗauka, ka ce hannunsa kake so ba na wani ba, kuma kun san ba zai fara ba sai bayan wata guda, to a nan Muhtasar ya hana a sharɗanta biya tun yanzu, masu sharhi ma suka rage wa'adin zuwa abin da ya haura rabin wata. Suka ce wannan kuɗi yana lilo tsakanin abu biyu: in maginin ya rayu da lafiya ya yi aikin ya zama lada, in bai yi ba ya zama rance ne ya ci moriyarsa. Mu duba yadda malaman da suka hango abin da ke damunmu yau. Maginin da ke da aiki uku a gabansa, ya ce sai ka ba shi rabin lada kafin ya sa ka a layi, sharaɗinsa ɓatacce ne. In kai ka ba shi don ra'in kanka ba da sharaɗi ba, babu laifi, sai dai ka san abin da ka yi.

To idan an ba da kuɗi, aiki bai soma ba, yaya za a yi? Ijara ƙulli ce mai lazimta, ba kowa ke warware ta shi kaɗai ba. In an ayyana lokaci, kamar a ce kwana 20 daga ranar kaza, maginin ya ɓace har kwanakin suka shige, ƙullin ya warware, kuɗi ya koma ga mai shi. In ba a ayyana ba, jinkiri shi kaɗai ba ya warware shi, sai a kai magana gaban mai hukunci ya tilasta masa farawa ko ya raba su. Wannan ne ya sa muke cewa faɗin rana ba ƙaramin abu ba ne, "bayan Sallah" da "in an sha iska" ba wa'adi ba ne. In maginin ayyananne ya rasu, Risala ta ce ijara ta warware a abin da ya saura, sai a fitar da kuɗin daga dukiyarsa tare da sauran basussuka kafin a raba gado.

Adalci kuma shi ne mu faɗa wa masu gida nasu. Sau da yawa magini ya zo da leburorinsa ran da aka yi, ya tarar babu ruwa babu yashi, ko ana rigimar iyaka da maƙwabci, ko mai gida ya sami wani mai araha yana neman hanyar zamewa. Wanda ya miƙa kansa a kwanakin da aka ɗauke shi, kai ne ka hana aiki, ladan waɗannan kwanaki ya tabbata a kanka, domin ya bar aikin wani saboda kai. In kana son fita, roƙonsa za ka yi ya yafe maka ƙullin, kuma hadisi ya yi albishir ga wanda ya karɓi fasawar ɗan'uwansa da ya yi nadama.

Akwai tambayar da ake yawan yi mana. Mutum ya ba da kuɗin buhu 40 na siminti, kafin a mayar masa kuɗin ba ya sayen 30, shin zai nemi ciko? Dattawa sun ga irin wannan a Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, mu ma mun gani da aka rufe iyaka da Najeriya a 2019, da kuma takunkumin 2023. Amsar mafi yawan malamai ita ce bashin kuɗi da misalinsa ake biya, jika 250 jika 250 ce, haka kuma Majalisar Fiƙihu ta zartar a Kuwaiti a 1988. Ƙari saboda jinkirin biyan kuɗi riba ce. Mun san wannan amsa tana da ɗaci ga wanda aka cuta, kuma zunubin asararsa yana kan wanda ya ja masa. Abin da majalisar ta halatta, a zamanta na Jidda a 1992 da na Riyad a 2000, shi ne a rubuta tun farko cewa in ɗan kwangila ya makara da aiki ba da uzuri ba, zai biya ɓarnar da ta auku da gaske. Tara ce a kan jinkirin aiki, ba a kan jinkirin kuɗi ba, kuma sai in an sharɗanta ta.

Idan magini ya amsa bashi ya ce ba shi da shi, sai a duba. Mai hali da ke jan ƙafa azzalumi ne, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim, ana tilasta masa. Wanda hannunsa ya ƙare da gaske, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni a saurara masa. Shin ko za a ce ya biya da aikin hannunsa, ya yi wa mai kuɗin katanga ko yaɓe a bakin bashin? Ibnul Ƙasim ya hana, yana ganin musanya bashi ne da abin da ba a karɓa nan take ba. Ash'habu ya halatta, domin a wurinsa fara karɓar aiki kamar karɓar dukansa ne. An ruwaito cewa Shaihu Aliyu Al'ajhuri na Masar yana aiki da maganar Ash'habu: yana da shago da wani mai ɗinkin littattafai ke haya, in kuɗin haya ya taru sai ya ba shi littattafai ya ɗinka a bakinsa. Mu ma ita muke zaɓa a wurin sulhu, in maginin zai fara nan da nan, domin sau da yawa ita kaɗai ce hanyar da talaka zai ga haƙƙinsa.

Game da inda za a kai ƙara, a fara da wanda ya haɗa su, sannan babban magina na gari, sannan mai unguwa ko mai gari ko fadar sarki, waɗanda dokar ƙasa ta ba ikon sasanta mutane, kuma a nemi a rubuta takardar sulhun. In abin ya faskara, kotu tana nan. Ba mu son gaggawar kai magini wurin jandarma a kan abin da bashi ne, wanda aka tsare ba ya gini ba ya biya. Wanda aka tabbatar ba magini ba ne, yawo yake yana karɓar kuɗin mutane, wannan maganarsa daban ce. Ƙwace masa babur ko kayan aiki da ƙarfi kuwa ba ya halatta.

A gaban kowane mai hukunci ƙa'ida ɗaya ce: shaida a kan mai da'awa, rantsuwa a kan mai musu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu sai mu ce kunya muke ji. Takarda ɗaya ta isa, da boko ko da ajami: nawa aka bayar, nawa ne na kaya nawa ne na lada, ranar farawa, da abin da za a yi in ba a fara ba, shaidu biyu su sa hannu. Mafi aminci mai gida ya sayi kayansa da kansa, ya raba lada kashi-kashi, na harsashi, na linta, na rufi.

Mutuminmu na wajen Gangara ba shi da takarda ba shi da shaida. Allah Ya taimake shi maginin bai yi musu ba a gaban mai gari. Aka tarar ya sayi buhu 15 suna nan a shagon mai siminti, aka miƙa su ga mai su, sauran kuma aka yanke zai biya rabi da kuɗi, rabi da aiki, farawa ran Asabar. Allah ne mafi sani. A fitowa mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin ginin da aka gama ya tsage, da wanda ke ɗaukar asararsa.